Yadda Ake Gina Filaza Ta Haya a Kano Ba Tare da An Shafa Mata Jan Fenti Ba

Yawancin waɗanda na ga sun shiga sana'ar gina shagunan haya 'yan kasuwa ne da Allah ya buɗa wa a Kwari ko Singa ko Farm Centre, suka ga gara su kafa abin da zai riƙa kawo haya ko suna barci. Niyyar mai kyau ce. Amma galibinsu ba a wajen gini suke faɗuwa ba, tun a wajen sayen fili suke karyewa, sai dai ba su sani ba sai bayan an zuba dakin (rufin kankare na bene) na biyu. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan takarda.

Fara da lissafi kafin ka kira dillali. Ka je layin da kake sha'awa, ka tambayi masu shaguna nawa suke biya a shekara. Kada ka tambayi dillali, shi la'adarsa yake hange. Mu ɗauki misali: fili da gini sun ci naira miliyan 300, ka fitar da shago 20, kowanne yana kawo miliyan 1 a shekara. Shekara 15 ke nan kafin uwar kuɗinka ta dawo, in har kowane shago ya samu mai haya kuma ba ka gyara komai ba, wanda ba ya faruwa. Shagunan sama kullum sun fi arha, sun kuma fi daɗewa a rufe, domin mai saye a Kano ba ya son hawa bene. Ni a wurina, wurin da ba zai mayar da kuɗinsa cikin shekara goma zuwa goma sha biyu ba, a bar shi.

Sai wuri. Ka tsaya a bakin filin da safe, da azahar, da kuma bayan la'asar, ka ga ƙafar da ke wucewa. Ka koma ranar da aka yi ruwan sama mai ƙarfi ka ga inda ruwan ke bi. Duk wanda ya ga ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya san abin da toshe magudanar ruwa ke jawowa.

Yanzu ga babbar maganar. Tun da aka yi Dokar Amfani da Filaye ta 1978, duk filin da ke cikin birni yana hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama ne da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wato C of O, ke tabbatarwa, kuma tana da wa'adi, ba ta har abada ba ce. Dokar ta ce mai wannan takarda ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. To takardar ciniki da aka rubuta a zaure, mai unguwa da shaidu suka sa hannu, tana da amfaninta, amma ba ita ce gwamnati ke dubawa ba, ba kuma ita banki zai karɓa ba.

Saboda haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka karɓi kwafin takardar ka ba lauyanka ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ya yi bincike. In a Kaduna kake KADGIS ce, a Abuja kuma AGIS. Abu huɗu zai dubo maka: sunan wa ke cikin fayil, an jinginar da filin a banki ko ba a jinginar ba, akwai bashin kuɗin ƙasa, sannan me aka ba da filin a yi da shi. Wannan na ƙarshen shi ne ke cinye mutane. Fili ne na gidan zama, mutum ya ga yana bakin titi, ya ce ai maƙwabci ma shaguna ya yi. Maƙwabcin mai yiwuwa ya nemi canjin amfani ya biya, mai yiwuwa kuma ranarsa ce ba ta zo ba. Kai ka nemi canjin amfani daga gidan zama zuwa kasuwanci a rubuce, ka jira amsa a rubuce. Eh, akwai kuɗi, akwai kuma zirga-zirga, amma ka sa shi cikin kuɗin fili tun farko ka rage wa mai sayarwa.

Lauyan naka ne, ba na mai sayarwa ba, ba kuma wanda dillali ya kawo ba. Safiyo ma haka. Ya je ya auna filin ya gwada da taswirar da ke cikin takarda, domin sau da yawa katangar da kake gani ta ci hanya ko ta shiga ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

In filin gado ne, kada ka yarda babban wa shi kaɗai ya sayar maka. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka tabbata kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu da wanda ke zaune a wata ƙasa. Na ga gini ya kai linta aka tsayar da shi da umarnin kotu saboda ƙanwa guda da ba a tuntuɓa ba, kuma gaskiya ce da ita. Rodi ya yi tsatsa a tsaye, shari'a na tafiya.

Akwai kuma filin da nake cewa ko da takarda ka guje shi: jikin makaranta, harabar masallaci, maƙabarta, filin idi, jikin badala, bakin kududdufi. A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen da ke tsohon otal ɗin Daula, alhali masu su na cewa gwamnatin da ta gabata ce ta ba su. An je kotu, amma ko ka yi nasara, shekarun haya sun tafi. Filin jama'a da wata gwamnati ta yanka, wata na iya cewa a mayar. Ka kuma sani cewa in gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ce a kai, ba farashin da ka biya dillali ba.

Takarda ta kammala, sai zane. Mai zanen gini da injiniya masu rajista, ba magini da biro a bayan kwalin siminti ba. A kai zanen KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a samu izini kafin a haƙa fandisho, kuma a gina abin da aka amince da shi. In izinin hawa biyu ne, kada a ƙara na uku don an ga masu haya na layi. Benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana cikin ginin sa ne. Ka bar tazarar da aka ce a bari daga titi. Na san zuciya na cewa shago biyu ne a wurin, amma nan ne masu saye za su ajiye mota, nan ne kuma jan fenti, alamar rusau ta hukuma, ke fara sauka.

Kuɗin gini kuwa, kada ka fara sai kana da abin da zai kai ka rufi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, waɗanda suka yi ƙiyasi da tsohon farashi suka tsaya a dakin. Ka sa mai ƙiyasin kayan gini ya fitar maka da lissafi, ka ƙara wani abu a kai, ka sayi rodi da wuri in kana da wurin ajiya. Bashin banki mai ruwa ba na ba da shawararsa: ban da haramcinsa, haya ba ta gudun da ruwan ke yi. Bankunan Jaiz da TAJ suna da tsarin da babu ruwa, ko ka yi haɗaka da mai fili, ka gina ka ci haya na shekarun da kuka rubuta, sannan ka miƙa masa. Karɓar hayar shekara biyu daga 'yan kasuwa tun ginin bai ƙare ba hanya ce mai sauƙi, amma in ka saɓa ranar ba da makulli sunanka ya ɓaci a kasuwa.

Ranar zuba dakin ka tsaya da kanka tare da injiniya, ku ƙirga buhu. Ɗan kwangila a biya shi mataki-mataki, bayan an duba aiki.

Sauran ka sani: banɗaki mai ruwa, rijiyar burtsatse, mita ga kowane shago don kada rigimar kuɗin wuta ta dawo kanka, maigadi, abin kashe gobara. Kada ka jingina ginin duka a kan babban ɗan haya guda. Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 ya rasa babban ɗan hayarsa, kantin Shoprite, a farkon 2024. Kada ka sa mai soya abinci kusa da mai atamfa. Kowane ɗan haya a rubuta masa yarjejeniya, a faɗi wa zai yi gyara, yaushe za a duba kuɗin haya, sannan a hana shi sayar da shagon ga wani ba da saninka ba.