Ruwan wanke-wanke a gindin shuka: kurakuran da aka fi yi

Ina cikin masu jin ciwon ganin ana kwarara ruwan wanke-wanke a kwata alhali ga shuka tana fama da ƙishi a bayan ɗaki. Amma da wannan ruwan na kashe wata 'yar bishiyar lemu da na dasa a tukunya, shi ya sa nake so mu yi maganar a tsanake. Wata uku ina juye mata robar wanke-wanke kullum da yamma. Da farko ta yi shar. Daga baya bakin ganyenta ya soma ƙonewa kamar an kara masa wuta, saman ƙasar ya yi fari-fari, in ka murza da yatsa ka ji gari-gari. In na zuba ruwa sai ya kwanta, ya ƙi shiga. Ashe gishiri ne ya taru.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, kuma ya fi wuyar ganewa domin ba a rana ɗaya yake nuna kansa ba. Yawancin sabulun wanke kwanuka da garin wanki suna ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ga kuma gishirin da ya rage a jikin kwano. Rana za ta ƙafar da ruwan, saiwa ta sha nata, amma sodiyam ɗin yana nan inda aka zuba shi, gobe a ƙara masa wani. In ya yi yawa sai ya hana saiwa jan ruwa, ka ga ƙasa a jiƙe amma shuka ta yi yaushi. In ƙasar mai laka ce ɓarnar ta fi haka, domin sodiyam yana warware ƙullinta, ta danƙare, iska da ruwa su rasa hanya. Gyaran ba wuya: kada a tsare gindi ɗaya, yau nan gobe can, kuma bayan zubi biyu ko uku a ba wurin tsabtataccen ruwa mai yawa, ya tura gishirin ƙasa da inda saiwa take. Ƙasar da ta riga ta danƙare, a barbaɗa mata garin jipsam, wani farin ma'adini mai kama da alli, a haɗa da ruɓaɓɓen taki, sannan a yi mata ban ruwa sosai. Sinadarin kalsiyam da ke cikin jipsam shi ke ture sodiyam. Shukar tukunya kuwa, da ɗanyen tsiron da bai yi ƙwari ba, kada a ba su wannan ruwan gaba ɗaya. Ƙasarsu kaɗan ce, ba ta da inda za ta kai gishirin.

Wani kuskuren shi ne haɗa ruwan farko da na ɗauraya a bokiti guda. Na farko shi ke ɗauke da kumfa da maiƙo da guntattakin abinci, na ɗauraya kuwa kusan fes yake. Roba biyu kawai ake bukata. Na ɗauraya ya tafi lambu, na farko in ya yi kauri ya tafi kwata, ba asara aka yi ba. Maiƙo yana toshe ƙofofin ƙasa, yana tsami, yana kiran ƙudaje da kyankyasai da ɓeraye. A kankare kwano kafin a tsoma shi a ruwa, a tace ruwan da rariya ko tsohon ƙyalle kafin a fita da shi.

Masu injin wanke kwanuka su ne suka fi bukatar hattara. Sabulun injin ba irin na hannu ba ne, an yi shi da kaifi domin ya narkar da maiƙo ba tare da soso ba. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami ko kaifi irin na kanwa (7 ce tsaka-tsaki), yakan kai 10 ko ya wuce, alhali yawancin tsirrai sun fi son ƙasa mai 6 zuwa 7. Wasu nau'o'in suna da bilic, wasu kuma suna da sinadarin boron, wanda shuka ke bukatar ɗan mitsitsi kawai, in ya ɗara ya zama guba, kuma lemu na cikin masu saurin jin jiki. Ga gishirin da ake zuba wa wasu injinan domin tausasa ruwa, ga zafin ruwan da ke kaiwa digiri 50 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyas. Injin zamani lita 10 zuwa 15 kawai yake sha a wanki ɗaya, wato ɗan ruwa ne cike da sinadari. A ganina bai kai wahalar da za a sha ba. Ko a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda fari ya sa doka ta yarda a mai da ruwan wanka da na wankin tufafi lambu, an cire ruwan injin kwanuka da na wurin wanke-wanken kicin daga cikin waɗanda aka amince da su.

Sai masu tara ruwan a duro wai sai ya cika. Kada ya wuce awa 24. Ƙwayoyin cuta suna samun abinci a cikinsa, su hayayyafa, su cinye iskar da ke ruwan, kafin kwana biyu ya yi baƙi ya soma ɗoyi. A bari ya huce kawai, a yi amfani da shi a ranar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne watsa ruwan a kan ganye, musamman kayan lambun da ake ci ɗanye irin su latas, ko masu girma cikin ƙasa irin su karas. Ruwan da ya taɓa wuƙa ko katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza yana iya ɗauke da salmonela, ƙwayar cutar da ke jawo ciwon ciki da gudawa, kuma ɗauraya ɗaya ba lallai ta fitar da ita daga lungun ganye ba. Irin wannan ruwan kada ma ya je lambu. Sauran kuwa a ba furanni da manyan bishiyoyi, waɗanda 'ya'yansu ke nesa da ƙasa. A yi ɗan rami kewaye da gindin, daidai inda inuwar rassa ta tsaya, a cika shi da busasshen ganye ko garin katako, a zuba ruwan a hankali a ƙarƙashinsu. Wannan shimfiɗar tana tare maiƙon da ya tsere wa rariya, kuma tana hana yara da dabbobi taɓa ruwan. In ta yi dauɗa a kwashe a sa sabuwa.

A lura kuma kada ruwan ya kwanta ya zama kwatami, sauro ke nan, kuma kada a zuba shi kusa da rijiya. In an yi ruwan sama ƙasa ta ƙoshi, a dakata sai ta tsane.