Kurakuran da Ake Yi da Murfin Kariya na Injin Tsaga Katako

Ka shiga shagon kafinta goma a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka duba injin tsaga katako mai teburi. A mafi yawansu za ka tarar da faifan zarton tsirara, murfinsa kuwa yana rataye a ƙusa ya sha ƙura, in ma ba a jefar da shi tare da kwali ba. In ka tambayi maigidan shago, amsar ɗaya ce: yana tare mini layi, yana riƙe katako. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Murfin da ke riƙe katako, ɗaura shi ne ba a yi daidai ba, kuma gyaran ba ya cin rabin awa.

Faifai mai inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa suna gudun kusan kilomita 190 a awa. In haƙora 40 gare shi, sama da 2,600 ke wucewa ta wuri guda a daƙiƙa ɗaya. Babu hannun da ya isa ya janye kafin wannan. A Amurka, hukumar kula da amincin kayan masarufi ta kiyasta cewa wannan inji yana kai mutum kusan 30,000 asibiti duk shekara, dubbai daga cikinsu da yatsu a guntule.

Babban kuskure shi ne cire murfi tare da ƙarfen da ke bayan faifai, wanda zan kira wuƙar baya. Mutane suna ganin ta kamar mariƙin murfi ce kawai, alhali ita ce uwa a cikin kayan kariyar. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a kan teburi. Na baya kuwa sama suke tasowa, suna nufo mai aiki. Idan tsagar da aka yi ta rufe ta matse bayan faifan, haƙoran sai su ɗaga katakon su harbo shi, kuma sau da yawa hannun da ke riƙe da shi yakan bi ya faɗa kan zarto. Aikin wuƙar baya shi ne ta tsaya cikin tsagar ta hana ta haɗuwa. Wannan ya fi shafar mu, domin katakon da ake kawo mana daga kudu, afara ne ko malaina, sau da yawa ɗanye ake sayar da shi, kuma ɗanyen katako yana murɗewa yayin da ake tsaga shi. Na taɓa ganin gutsuren tubaifo, wato katako mai inci 2 a kan 4, ya tashi daga teburi ya huda kwanon rufin rumfa da ke jingine a bayan mai yankan. Ikon Allah kawai, a gefe yake tsaye.

To amma sa wuƙar ba shi ke nan ba, a nan ne ake yin kurakuran da ke sa a gaji a cire ta. Na farko kauri. Dole ta ɗara jikin faifan kauri kaɗan, amma kada ta kai faɗin tsagar da haƙora ke yi. Misali, in jikin faifai milimita 2.2 ne kuma yana tsaga 3.2, wuƙa mai 2.5 ta yi. Kafinta zai sayo siririn faifai don ya rage ɓarnar katako, ya bar tsohuwar wuƙa mai kauri, sai katako ya zo ya cije a kanta, ya ce murfi ne ba shi da kyau. Duk lokacin da ka sauya faifai, ka sake duba wannan.

Na biyu saiti. Ka zare filogi tukuna, ba kashe makunni kawai ba. Ka ɗaga faifai har ƙarshe, ka kwantar da ruler ta ƙarfe a kan teburi ta taɓa haƙorin gaba da na baya. Bai kamata wuƙar ta tura ruler ba. Ka koma ɗaya gefen ka yi haka. In ta karkata, a sassauta notinanta a daidaita, ko a sa siririn wosha a gefen da ya dace. Kada a kama ta da filaya a lanƙwasa da ƙarfi. Tazarar da ke tsakaninta da haƙora ta kasance milimita 3 zuwa 8; in ta fi haka, guntun katako zai iya maƙalewa a tsakani. Bayan ka ɗaure, ka juya faifan da hannu sau biyu ka saurara ko akwai inda yake gogar wani abu, sannan ka girgiza wuƙar. In tana motsi, ba ka gama ba.

Shi kansa murfin, wanda ke hawa katako da kansa ya kamata ya ɗaga cikin sauƙi ya kuma sauko da nauyinsa. Garin katako da ƙaron itace ne ke daskarar da shi, buroshi da tsumma sun isa. Idan irin wanda ake saita tsayinsa da hannu ne, ka sauke shi dab da katako yadda yatsa ba zai shiga ba. Wasu sukan ɗaure shi sama da waya ko robar tayar babur wai don su ga layi. Ai a tsagar tsawo ba layi ake kallo ba, wurin da katako ke gogar jagorar gefe, wato miƙaƙƙen shingen da ake jingina katako da shi a kan teburi, ake kallo. In robar murfin ta dushe, a wanke da ruwa da sabulu. Tina, wato ruwan sirka fenti, da fetur suna ƙara dusar da ita, har su tsattsaga ta.

Ita ma jagorar gefe tana da nata laifin. In bayanta ya matso wajen faifai ko da kaɗan ne, za ta riƙa tura katako kan haƙoran baya, ka ji ƙauri, ka ga baƙin ƙuna a bakin yanka. Ka auna daga faifai zuwa jagora gaba da baya, awon ya zo daidai. Kuma kada ka jingina ƙarshen katako da ita lokacin yankan gicciye, guntun da ya fita zai maƙale tsakaninta da zarto.

Akwai aikin da dole a cire murfi, kamar yin kwari a jikin katako ba tare da an raba shi ba. Kuskuren shi ne a gama a ce bari in tsaga wannan guda ɗaya tukuna. Mayar da shi kafin katako na gaba ya hau teburi. Kuma murfi ba ya maye gurbin sandar turawa. Ka yanka ta daga ragowar katako, tsawonta ya kai santimita 45, da ɗan baki a ƙarshe, ka yi amfani da ita a santimita 30 na ƙarshen kowace tsaga. Kada a kai hannu a ɗauke gutsure sai faifai ya tsaya cak. Safar hannu, hannun kaftani mai faɗi da carbi a wuyan hannu, duk a cire.

Sai batun wuta. An ɗauke ana cikin yanka, makunni yana kunne, yaro ya sa hannu yana zaro katakon, sai ga wuta ta dawo. Irin injinan da masu walda ke haɗa mana a gida, da motar lantarki da bel, yawanci makunninsu na bango ne. Ka sa mai gyaran wuta ya saka maka irin makunnin nan mai maɓallin kore da ja, wanda ke sakin kansa in wuta ta tafi. Shi ma mai waldar ka sa ya yanka maka wuƙar baya daga ƙarfe mai kaurin da ya dace, ya yi wa faifan murfi mai hannu daga sama, ya rufe bel da ƙasan teburi.

Idan ƙaddara ta faɗa yatsa ya guntule, a danne raunin da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama. Yatsan a naɗe shi da kyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a ɗora ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kada a zuba baƙin mai ko garin katako a kan ciwon. A wuce babban asibiti nan take, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala.