Yadda Ake Fara Koya wa Matashi Harbin Nishaɗi

Da farko a dubi halin yaron kafin a dubi shekarunsa. Wanda yake tsayawa nan take idan an ce ya tsaya, kuma fushi ba ya ɗibarsa, shi ne ya isa a fara da shi, namiji ne ko mace. Sannan a binciki dokar ƙasar da ake zaune, domin ƙasashe sun bambanta wajen lasisi da shekarun da aka yarda a fara, a kuma nemi filin harbi mai izini da ƙwararren mai koyarwa.

Kafin ya taɓa bindiga, sai ya haddace ƙa'idoji huɗu. Kowace bindiga a ɗauke ta da harsashi a ciki, ko da yanzu aka duba ta. Ba a nuna bakinta ga abin da ba a nufin harbi. Yatsa ba ya hawa kunama sai an gama saiti. Kuma dole a san abin da ke bayan allon da ake hari, domin ƙaramin harsashi ma, irin wanda ake kira .22, yana iya wuce kilomita guda. Ƙa'idar yatsa ce ta fi wuyar zama a jiki, saboda hannun sabon shiga da kansa yake neman kunama, don haka a riƙa gyara masa har yatsan ya saba kwanciya miƙe a gefen bindiga.

A ganina, bindigar iska, wadda ke harbi da ƙarfin iska maimakon albarushi, ta fi dacewa da farawa. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta kaɗan ce, kuma da ita ake fafatawa a gasar Olamfik daga nisan mita 10. Idan ya koma bindiga mai albarushi, tabarau da abin toshe kunne wajibi ne, domin ƙarar harbi takan kai desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ta lalata ba ya dawowa. A ba shi harsashi ɗaya-ɗaya, babba yana tsaye dab da kafaɗarsa, inda hannunsa zai iya kai wa bindigar.

Bayan an tashi, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, saboda dalmar da ke jikin harsashi. A gida kuwa, a cire harsashi a kulle bindiga, a kulle harsasai a wani wuri daban, mabuɗan su zauna a hannun babba komai natsuwar yaron, domin matashi kan shiga damuwar da iyaye ba su sani ba.