Yadda ake haɗa giyar Japan mara nauyi da abinci

Giyar da Japanawa suka fi sha a kan abinci mara nauyi ce, kuma ba ta barin zaƙi a baki. Wannan salo ya samu karɓuwa ne tun shekarar 1987, lokacin da kamfanin Asahi ya fito da Super Dry, wadda ake haɗa sha'ir da shinkafa da masara wajen yin ta, a bar yis ya cinye kusan duk sukarin da ke ciki. Barasarta kashi 5 cikin ɗari ce. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi barasa yana da irinta wadda babu ko ɗigo a ciki, kamar Asahi Dry Zero da ta fito a 2012, kuma matakan nan sun shafe su duka. Aikin wannan abin sha shi ne wanke baki tsakanin loma da loma, saboda haka abincin ne ke gaba, ita tana biye.

Da farko a sanya ta a firji har sanyinta ya kai digiri 4 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos, sannan a wanke kofin gilashi tsaf, domin ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya kashe kumfa. A Japan ana zuba ta yadda kashi bakwai na kofin zai zama ruwa, kashi uku kumfa, kuma kumfar ce murfin da ke rage saurin fitar gas.

Mataki na biyu shi ne a buɗe da abu mai gishiri. A gidajen abincin dare da ake kira izakaya, yawanci da edamame ake farawa, wato ɗanyen waken soya da aka dafa cikin kwanso aka barbaɗa masa gishiri, wanda ke rage ɗan ɗacin da ke cikin giyar.

Mataki na uku ne ya fi muhimmanci, wato kawo soyayye da gasasshe, domin a nan sanyi da gas suke ɗauke maiƙo daga harshe, loma ta gaba ta zo da ɗanɗanonta cikakke. Karaage, soyayyen kaza da aka jiƙa da tafarnuwa da citta da ruwan soya, yana kan gaba, musamman idan an matsa masa lemun tsami. Tempura, wato jatan lande ko kayan lambu da aka tsoma a kwaɓin fulawa aka soya, ita ma haka take, muddin an ci da zafinta. Yakitori kuwa kaza ce da ake gasawa a tsinke bisa gawayi kamar tsire, kuma iri biyu ce: mai gishiri zalla da mai romo mai zaƙi. A ganina mai gishirin ta fi dacewa, domin romon yakan danne giyar har a ji ta salam. Mai guje wa haram ya riƙa tambaya, saboda ana sa giyar shinkafa a romon da kuma wajen jiƙa karaage, sannan gyoza, wato ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki, galibi da naman alade ake cusa ta. A tsibirin Hokkaido, inda aka kafa masana'antar Sapporo a 1876, gasasshen naman rago da ake kira jingisukan ake haɗa ta da shi.

Ɗanyen kifi na sashimi yana tafiya da ita, amma a rage wasabi, wato koren yajin da ake ci da shi. Abin da za a kauce wa shi ne kayan zaƙi da miya mai kauri da yaji mai yawa, domin zaƙi yana ƙara fito da ɗacinta, gas kuma yana ƙara wa barkono zafi.

Daga ƙarshe, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan don kada ta yi ɗumi a kofi. A al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa, abokin zama ne ke zuba masa, shi ma ya rama. Idan an zo kan shinkafa ko taliyar ramen da ake rufe cin abinci da su, sai a ajiye kofin a koma ga ruwa ko koren shayi.