Darasi na 9: Ɗaure Dunƙulen Ƙarfen Bakin Kan Babur

Ka dubi kan babur, daidai inda hannun roba ya ƙare, dama da hagu. A wasu baburan za ka ga wani ɗan dunƙulen ƙarfe, baƙi ko fari, da noti guda a tsakiyarsa. Ba kowane babur ke da shi ba, wasu murfin roba kawai aka toshe musu wurin da shi. In naka ba shi da dunƙulen, kada ka tsallake darasin, wata rana na maƙwabci zai kwance.

Mutane da yawa kwalliya suka ɗauke shi, alhali aiki yake yi. Yawancin baburan da ke yawo a Kano fistin ɗaya ne a injinsu, kuma irin wannan inji yana da jijjiga. Jijjigar takan bi jikin babur ta hau kai. Kan kuwa bututu ne, cikinsa rami, ba nauyi, shi ya sa yake karkarwa. Nauyin dunƙulen ne ke kwantar da karkarwar. Wanda ya taɓa tasowa daga Kurna har Naibawa ya sauka yatsunsa sun yi sanyi kamar ba nasa ba, madubi kuma yana rawa ba a ganin na baya, ya san abin da muke nufi. Ban da haka, in babur ya faɗi, dunƙulen ne yakan fara cin ƙasa kafin hannun roba.

Jijjigar da yake kashewa ita ce kuma take kwance shi. A haɗa da ramukan lungu da faɗuwa nan da can, a hankali noti ya saki. Za ka ji ƙara kacau-kacau in injin na aiki, ko ka taɓa shi ka ji yana juyawa.

Kayan aiki

Ba su da yawa: tsumma, ɗan kalanzir, da abin kwance noti. Ka fara duban kan notin. In tsagarsa kamar alamar tarawa ce (+), sukundireba mai baki huɗu za ka nema. In rami ne mai kusurwa 6, sai alanki, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kama da harafin L. A jikin kowane alanki akwai lamba. Ga amfanin karatun da muke yi. Yawanci kaurin notin milimita 6 ne, kuma alanki mai lamba 5 ko 4 ke shigarsa. Ka gwada har ka sami wanda ya zauna daram. Wanda yake lilo a ramin cinye kan noti zai yi, aikin minti 10 ya koma na wuni guda.

Iri biyu ne

A nan mutane ke rikicewa, don haka mu ɗan tsaya.

Iri na farko, macen notin, wato zoben nan mai haƙora da namijin notin ke shiga, a liƙe take cikin bututun kan tun daga kamfani. Namijin ya ratsa dunƙulen ya shige ta. Wannan ba wuya. Ka kashe babur, ka kafe shi a kan jak biyu a wuri mai shafe. Ka kwance notin gaba ɗaya, ka goge haƙoransa da tsumma da kalanzir, ka bari ya bushe. Ka mayar, ka fara juya shi da yatsu zagaye 2 ko 3, don ka tabbata ya hau daidai, sannan ka sa alanki. Ɗaurewa dai bin hannun agogo ne, kwancewa kuma akasinsa.

Iri na biyu ba a liƙa komai a ciki ba. Notin yana ratsa wata roba mai kauri, ko ƙarfe mai tsaga, macen tana can ƙarshe. In ka ɗaure, macen ta matso, robar ta kumbura ta kama cikin bututu. Wannan irin ba a kwance shi duka. In ka yi haka macen za ta faɗa cikin kan, ka yi ta karkata babur kana girgizawa. Sassautawa za ka yi kaɗan, ka zaro shi dukansa.

Wani ɗalibi a ajinmu, magidanci mai kai kayan miya kasuwar Rimi da sassafe, ya ɗaga hannu a daidai nan. Ya ce, "Allah gafarta Malam, nawa na ɗaure har na gaji, juyawa kawai yake, ba ya kamawa."

Aka ce masa, "Maigida, ai macen ce take juyawa tare da namijin. Ka zaro shi, ka ɗaure a hannunka har robar ta ɗan kumbura, yadda sai da ƙyar za ta shiga. Ka tura, sannan ka riƙa jan dunƙulen waje kaɗan-kaɗan kana ɗaurewa."

Ya ce, "In robar ta mutu fa?"

To, zafin Kano ba ya barin roba. In ta bushe ta tsattsage, sabuwa za ka nema. Masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari za ka tambaya, kuma ka tafi da tsohuwar a aljihu a gwada, domin ramin kan babura ba ɗaya ba ne. In ɗan sirancewa kawai ta yi, zagaye 2 na baƙin salatif ɗin masu gyaran wuta zai riƙe ta zuwa wani lokaci. Ka goge cikin bututun tukuna. Mai ko giris a wurin shi ke sa ta zamewa.

Don kada noti ya sake kwancewa, akwai wani ruwan gam na musamman da ake ɗigawa a haƙoransa, irin su Loctite. Shuɗi za ka saya, ɗigo ɗaya ya isa, kuma yakan ɗauki awa 24 kafin ya gama kamawa. Jan ba na wannan aiki ba ne, sai an gasa shi da wuta yake saki. Gam ɗin liƙe takalmi ko sufa gulu kuwa, ni dai ban ba ka shawara ba, domin ranar da za ka sake hannun roba za ka yi da-na-sani. Kuma kada ka hau alanki da dukan ƙarfinka. Ɗan ƙaramin noti ne. In ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan, ka bar shi.

Hannun dama

Na hagu in ka kuskure, ƙara ce kawai za ta dame ka. Na dama kuwa a jikin totur yake. In dunƙulen ya matse hannun roba, totur zai maƙale. Ka murɗa ka saki, ya ƙi komawa, babur ya ci gaba da gudu, ga Adaidaita Sahu ya ci birki a gabanka a shataletalen Dangi. Dole a bar 'yar tazara tsakanin dunƙule da roba, kamar milimita 1 zuwa 2, yadda katin waya zai wuce. In babu tazarar, ka saka washa guda, wato siririn zoben ƙarfen nan da ake zura wa noti, tsakanin dunƙulen da bakin bututu.

Kafin ka tayar da injin, ka murɗa totur har ƙarshe ka saki. Ya kamata ya koma da kansa, ka ji ɗan ƙas. Ka karya kan zuwa dama ka gwada, ka karya hagu ka sake gwadawa. In ya yi nauyi ko sau ɗaya ne, ba a hau ba tukuna. Ka sassauta ka gyara, in ya gagara ka tura shi wurin bakanike da ƙafa.

In ɗaya ya riga ya faɗi a hanya, ka sayi guda biyu iri ɗaya ka sake duka, don nauyin dama da hagu ya daidaita.

Aikin gida

Ka rubuta waɗannan kalmomi sau 3 a littafinka: babur, noti, totur, alanki, dunƙule. Ka lura da ƙugiyar ƙ, ba ɗaya take da k ba. Sannan ka je wurin bakaniken unguwarku, ka yi masa sallama, ka roƙi ya nuna maka alankayensa. Ka karanta lambar kowanne, ka rubuta su daga ƙarami zuwa babba, ka zo da su aji ranar Asabar.