Yadda za ka tono tarihin tsohon ginin gwamnati a garinku

A Landan akwai tsohon ofishin manyan sojan ruwan Ingila, wanda aka kammala a 1726, har yau yana tsaye a Whitehall saboda doka na kare shi. Mu a Bauchi ba mu da teku, amma muna da ofisoshin En'e (hukumar gargajiya), da gidajen Razdan da Di'o (Turawan mulki na lardi da na gunduma), da tashar jirgin ƙasa. Ana ta rushe irinsu ba wanda ya rubuta ko layi ɗaya a kansu, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ɗan'uwa, in kana son ceto tarihin ɗaya daga ciki, fara da tsofaffi, takarda za ta jira ka. Nemi tsohon masinja, ko akawu, ko dogarin da ya yi tsaro a wurin. Je masa bayan la'asar da ɗan goronka, ka gaisa a natse, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarsa a waya. Kada ka ce, "Baba, wace shekara aka gina?" Da wuya ya riƙe. Ka ce, "Zamanin wane sarki ne, Yakubu na Uku ko Adamu Jumba? Jirgin ƙasa ya iso a lokacin?" Daga nan kai za ka fitar da shekarar. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, ka jiyo shi daga bakin na biyu.

Sannan ka zagaya ginin ka ɗauki hoto ta kowace fuska. Tubali ne ko dutse? Rufin azara ne ko kwano?

Sai Kaduna. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa tana riƙe da fayil-fayil na Lardin Bauchi, kuma mutanen Gombe ma nan za su duba, tunda lardi ɗaya muke a da. Nemi rahotannin shekara-shekara na Razdan da wasiƙun ma'aikatar ayyuka. Ka leƙa Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, kafin ka dawo.

In hujja ta haɗu, rubuta wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ka roƙi a sa ginin cikin kayan tarihin ƙasa. An taɓa yi a ƙasarmu: Gidan Madaki na Kafin Madaki, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, tun 1956 yake da wannan kariya. Ka haɗa hotunan da bayanan tsofaffin, ka kai kwafi ɗaya fadar hakimi domin masarauta ta san da maganar.