Kurakuran da muke yi a bukukuwan fina-finai idan muna neman baƙi su zo ɗaukar fim a Jos

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, 'yan fim ɗinmu da jami'an gwamnati sukan tafi bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a kafa rumfa, a ɗauki hotuna, a dawo a ce an tallata Najeriya. Sai shekara ta zagayo ba a ga wani kamfanin waje ya sauke kayan aiki a kan tudun Jos ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin garin nan yana da abin da zai nuna. A nan hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, ga makarantarta ta koyon aikin fim, ga ma'ajiyar tsofaffin fina-finai ta ƙasa, ga Kwalejin Talabijin ta NTA. Shekara da shekaru ana yaye masu kyamara da masu sauti da editoci a garin. Tafiyar da muke yi ce ba ta haifar da aiki, kuma dalilan kusan iri ɗaya ne kowace shekara.

Babban kuskure na farko shi ne rashin bambance biki da kasuwa. A Cannes abu biyu ne ke tafiya a lokaci guda. Akwai bikin da ake nuna fina-finai ana ba da kyaututtuka, wanda shi duniya ke kallo a talabijin. Akwai kuma kasuwar da ake kira Marché du Film, wadda ta fara tun 1959, inda masu kuɗi da furodusoshi da dillalan fim ke zama suna ƙulla ciniki. Haka Berlin take a watan Fabrairu, tana da tata kasuwar a gefen bikin. Mutum zai kashe kuɗin jirgi da otal, ya ƙare a layin kallon fim da liyafar dare, alhali waɗanda yake nema suna can wani ɗaki suna ganawa ta minti ashirin ashirin. Katin kasuwa daban yake da na biki, kuma shi ne ke buɗe maka jerin sunayen mahalarta a shafin Cinando, inda za ka ga wane ne zai zo, daga wane kamfani, me yake nema. Mutanen nan tun makonni kafin a buɗe kasuwa suke cika jadawalinsu. Wanda ya bari sai ya sauka sannan ya fara neman ganawa, sai dai ya samu gaisuwa a tsaye. Gyaran shi ne a zauna a Jos ko Abuja wata ɗaya da rabi kafin tafiya, a tace sunaye, a rubuta wa kowa gajeren imel da ya ambaci aikinsa shi kansa, a nemi minti goma sha biyar. Biza ma a nema da wuri, tunda ƙasashen Turai suna karɓar takardu tun wata shida kafin ranar tafiya.

Ko an shiga kasuwar, sau da yawa ba wanda ya dace muke bi ba. Ido yana kan jarumai da manyan daraktoci, domin su muka sani. Amma jarumi ba shi ke zaɓar ƙasar da za a yi aiki ba. Wanda ya kamata ka nema shi ne furodusan da ke riƙe da kasafi, da mai neman lokeshan, da shugaban sashen gudanar da aiki na kamfani. Yawancinsu ba za ka taɓa ganin fuskarsu a fosta ba.

Sai zaɓen inda za a je. Cannes tana da tsada, kuma ƙaramar tawaga takan ɓace a cikin dubban mutane. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fi masa ya dubi kasuwar fim ta Durban FilmMart a Afirka ta Kudu, ko bikin FESPACO na Wagadugu da ake yi tun 1969, shekara biyu biyu, ko zaman da ake yi wa fina-finan Afirka da na Larabawa a bikin Marrakesh, ko kasuwar bikin Jidda da Saudiyya ta fara a 2021. Waɗanda ke zuwa wuraren nan sun riga sun sa Afirka a ransu, ba sai ka fara musu daga farko ba. A Landan kuma akwai baje kolin Focus a watan Disamba, wanda aikinsa ke nan, ƙasashe da jihohi su tallata wuraren ɗaukar fim ga furodusoshi. A gida akwai bikin AFRIFF a Legas cikin Nuwamba, da bikin Zuma a Abuja.

Inda muka fi yin rauni shi ne abin da muke faɗa idan an zauna. Mukan fara da yabon ƙasa: duwatsun Shere, dutsen Riyom, ruwan Assop, sanyin Jos, karamcin mutane. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda ke gabanka ya ji irin wannan yabo daga ƙasashe goma tun safe, kowace da duwatsunta da ruwanta. Abin da yake jira shi ne lissafi. Maroko tana mayar wa kamfanin waje kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ya kashe a cikin ƙasar idan ya cika sharuɗɗa, ta fara da kashi 20 a 2018 ta ɗaga a 2022. Saudiyya ta sanar da nata na har kashi 40 a Cannes a 2022. Shi ya sa tambayar farko da za a yi maka ita ce nawa za a mayar. Mu ba mu da tsari irin na Maroko da furodusa zai iya rubutawa a kasafinsa ya kai banki. Kuskuren da ya fi muni a nan shi ne a ce masa ai gwamnati za ta duba, ko gwamna zai taimaka. Alkawarin baki ba ya shiga kasafi, kuma ranar da ya gano babu takarda, ba zai sake ɗaukar wayarka ba.

Ka faɗa masa gaskiya cewa babu, sannan ka buɗe abin da kake da shi da alƙaluma. Wanda zai kai sansa kasuwar shanu tun daga gida ya san kuɗin da zai sallama. Nawa ne kuɗin mai kyamara da mataimakansa a rana, a dala. Nawa ake hayar fitilu da janareta da man da zai sha a mako. Otal nawa ne a Jos za su iya kwantar da mutum arba'in lokaci guda, kuma wanne ne ke da wuta da ruwa da intanet dare da rana. Awa nawa ne daga filin jirgin Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga da motar kaya, kuma wane jirgi ke sauka a filin Yakubu Gowon da ke Heipang. Wane asibiti ne mafi kusa da kowane lokeshan. Waɗanne kayan aiki ake samu a Jos, waɗanne sai an ɗauko daga Legas. Idan ka haɗa wannan a ƙaramin littafi mai shafi goma, da Turanci da Faransanci, furodusan zai iya kwatanta ka da Maroko da kansa, kuma wani lokaci arhar aiki a nan takan cike giɓin abin da ba a mayar ba.

Hotunan da muke kaiwa ma na yawon buɗe ido ne, an gyara launi har ciyawa ta koma wani abu daban. Mai neman lokeshan yana son ganin wuri yadda yake, da safe da rana da yamma, ta kowace fuska, da inda motoci za su tsaya, da alamar taswira. Yana son ya san cewa damina a Filato daga wajen Afrilu take zuwa Oktoba, kuma hazon hunturu a Disamba da Janairu yana dusashe nesa, wanda wani fim ɗin shi yake nema, wani kuma ya ɓata masa aiki. Ni a ganina ma abubuwan da muke rainawa su ne suka fi jan hankali: kududdufan da haƙar kuza ta bari da tarin ƙasar da ke gefensu, tsofaffin gidajen Turawan ma'adinai, tashar jirgin ƙasa, da gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya kusa da gidan tarihi na Jos, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. Wuri ɗaya da zai iya zama garuruwa uku a fim yana rage wa furodusa kuɗin tafiya, kuma wannan magana ce da yake ganewa nan take.

Maganar tsaro kuwa, hanya biyu muke bi, duk ba su da kyau. Wani ya ce ai ƙarya ce ta 'yan jarida, lafiya lau ake. Wani ya fusata don an tambaya. Mutumin nan ya riga ya karanta labarin rikicin 2001 da 2008 da 2010, ya ga rahoton hare-haren Bokkos da Barikin Ladi da Mangu, ya duba gargaɗin tafiya na gwamnatinsa. Kuma ko shi ya yarda da kai, kamfanin inshora ne zai yanke hukunci, domin babu babban fim da ake fara ɗauka ba tare da inshorar mutane da kaya ba. Mai inshora takarda yake karantawa. Saboda haka ka je da tsari a rubuce: waɗanne unguwanni da ƙananan hukumomi za a yi aiki, waɗanne ba za a shiga ba, wace hanya za a bi kuma da ƙarfe nawa za a daina tafiya, wa zai ba da rakiya, yaya za a fitar da mutum idan ya ji ciwo. Wanda ya ce maka kada a je wuri kaza, shi za ka yarda da shi idan ya ce wuri kaza lafiya. Mu da muke zaune a garin mun san Jos ba ita ce abin da ake gani a labarai kawai ba, amma sai mun nuna mun san inda haɗarin yake kafin a saurare mu.

Takardun izini ma sukan kashe magana. Za a tambaye ka wa ke ba da izinin ɗauka, kwana nawa yake ɗauka, nawa ne. Idan ka ce sai ka koma gida ka bincika, ka rasa shi. Ma'aikatan da za su shigo suna bukatar biza da izinin aiki na ɗan lokaci daga hukumar shige da fice. Kyamarori da fitilu sai sun bi ta kwastam a matsayin kayan da za a mayar. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi sai da amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Gidan tarihi yana da hukumarsa, ƙauye kuma yana da mai unguwa da dagaci da hakimi da dole a gaishe su a nemi yardarsu. Baƙo ba zai iya bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya ba. Kafin tawaga ta tashi, a tsayar da mutum ɗaya ko kamfani ɗaya mai rajista da zai ce shi zai ɗauki nauyin duka, da sunansa da lambarsa a jikin littafin nan.

Wani abu kuma, muna yawan hangen Hollywood. Babban kamfanin Amurka ba ya zama na farko a wurin da ba a gwada ba. Waɗanda ke buɗe hanya su ne masu fim ɗin gaskiya na talabijin, masu tallace-tallace, ƙananan fina-finan haɗin gwiwa, da 'ya'yanmu da ke zaune a waje. Fim ɗin Akinola Davies Jr., My Father's Shadow, wanda a 2025 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun Cannes, ta wannan hanya ya zo: darakta ɗan Najeriya mazaunin Ingila, kuɗi da kamfanoni daga waje, ɗauka a gida da ma'aikatan gida. Irin waɗannan ya kamata tawagar Jos ta fi zama da su. Aikin mako biyu da aka gama lafiya, furodusansa zai ba abokansa labari, kuma a sana'ar nan shaidar wanda ya taɓa zuwa ta fi kowace rumfa.

Bayan an dawo gida sai katunan da aka karɓo su kwanta a aljihun jaka. Cikin mako guda ya kamata kowa ya samu saƙo mai ɗauke da ainihin abin da ya tambaya. Wanda ya nuna sha'awa sosai, a gayyato shi ya zo ya gani, gani ya kori ji. Bikin Zuma da Hukumar Fina-finai ke shiryawa a Abuja a ƙarshen shekara dama ce da ba mu amfani da ita yadda ya kamata, musamman yanzu da ɗan masana'anta, Ali Nuhu, ke shugabantar hukumar tun 2024. Baƙon da ya riga ya iso Abuja, kwana biyu kawai yake bukata ya hau Jos. Sai dai idan mu ne masu masauki mukan cinye lokacinsa da jiran manyan baƙi da jawabai da jera sunayen masu girma. A rage wannan. A sa shi a mota da mai kyamara da mai fitila da wanda ya san hanya, ya taka wuraren da ƙafarsa, ya duba ɗakin otal, ya ga ɗaliban makarantar fim suna aiki.

Idan Allah ya sa aikin ya faɗo, kada farashin da aka rubuta a Cannes ya canza don an ga baƙi sun iso, kuma a sasanta da matasan unguwa da masu wuri tun kafin ranar ɗauka, a ɗauki wasunsu aiki. Ta ɓangarenmu kuma a rubuta kwantiragi: kuɗin kowane ma'aikaci da ranar biya, awannin aiki, inshorarsa idan ya ji rauni, sunansa a ƙarshen fim, da sharaɗin cewa kowane sashe zai ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu daga Jos su koyi aiki a ƙarƙashin shugabansa.